INA RUWAN DAMINA ZAI KWANA A BIRNIN KANO?

A cikin watan Yuli na bara, aikin duba ɗalibanmu na Kolejin Horon Malamai waɗanda ke gwajin koyarwa ya kai ni wata makarantar firamare a wata sabuwar unguwa ta bayan gari. An kwana ana ruwa. Da na isa sai na tarar ba karatu: ruwa ya kai idon sawu a cikin azuzuwa huɗu, rajistoci sun jiƙe, bangon makewayi ya zube, yara kuwa sun hau tagogi suna kallo. Hedimasta ya tarye ni da kuka, ya ce lambatun da aka yi musu ya yi kaɗan. Muna cikin magana sai tsohon da ke gadin makarantar ya matso, ya gaishe ni, ya ce, “Ranka ya daɗe, ai ruwan nan ba ɓatan kai ya yi ba, gidansa ya zo. Nan inda ka ke tsaye kududdufi ne, a cikinsa na koyi iyo.” Na ce, “To, Baba, da aka cike shi, ina aka ce ruwan ya koma?” Ya yi dariya, ya ce ba wanda ya yi shawara da ruwan.

Tun daga ran nan tambayar ta tsaya mini a rai, ita ce kuma na ke so mu duba tare da masu karatu. Ko wace shekara muna roƙon ruwa, in ya zo kuma mu wayi gari da asarar gidaje da dukiya, wani lokaci har da rayuka. A 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Nijeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. A ƙarshen watan Mayu na 2025 ruwan dare ɗaya ya ci fiye da mutum 150 a garin Mokwa. Na ɗauki Kano misali domin ita na fi sani, amma mutumin Zariya ko Katsina ko Maraɗi zai ga garinsu a cikin wannan magana.

LISSAFIN RUWA

Bari mu fara da lissafi irin na ’yan aji shida. In aka ce an yi ruwa milimita ɗaya, ma’anarsa ita ce ko wane murabba’in mita ɗaya na ƙasa ya sami lita ɗaya. Ruwan milimita 50, watau inci biyu, ba baƙon abu ba ne a Kano cikin Yuli ko Agusta. Mu ɗauki gida mai rufin kwano, tsawon rufin mita goma, faɗinsa mita goma. Ruwan inci biyu zai zubo masa lita 5,000, watau jarka 200 irin mai cin lita 25 da ’yan garuwa ke turawa a kura. Kano kan sami ruwa tsakanin milimita 800 da 1,000 a shekara, yawancinsa daga Yuni zuwa Satumba. In muka ɗauki 900, rufin nan guda ɗaya ya kan zubar da lita 90,000 a damina, jarka 3,600 ke nan.

Ruwan da ya sauka a ƙasa hanya uku gare shi. Wani ya nutse ya tafi wajen rijiyoyi, wani ya koma sama ta hanyar rana da ganyen itatuwa, saura ya gudu a kan ƙasa. A daji ko gona mai ciyawa, masana sun auna sun ga abin da ke gudu bai cika wuce kashi ɗaya cikin goma ba. A tsakiyar birni inda kwano da kwalta da siminti suka rufe ko ina, fiye da rabi ne ke gudu. Kuma ba yawan kaɗai ne abin tsoro ba, har da sauri. Ruwan da a da zai yi yini yana silalowa ta cikin ciyawa, yanzu cikin rabin sa’a ya taru a wuri ɗaya. Saboda haka unguwar da ba ta san ambaliya ba a zamanin iyayenmu ta kan wayi gari cikin ruwa, alhali ruwan saman bai fi na da ba. Gidajen da aka ƙara a tudu su ne suka aiko mata da shi.

YADDA MAGABATA SUKA ZAUNA DA RUWA

Birnin Kano na zaune a kan doro. Ruwan da ya sauka a kudancinsa ya kan gangara Kogin Calawa, na tsohon birni da arewacinsa kuwa ya bi Jakara, ya haɗu da rafin Getsi mai fitowa daga wajen Bompai, su zarce madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir. Jakara ta girmi birnin. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta da sunan Kurmin Baƙin Ruwa, domin duhuwar itatuwa ce ta kewaye ruwan, daga nan kuma Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa, ta samo sunanta.

Da Sarki Gijimasu ya fara ganuwa, da sarakunan da suka faɗaɗa ta bayansa, irin su Rumfa da Muhammadu Nazaki, ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun haɗa da gonaki da fadamu, domin in abokan gaba sun tsare ƙofofi jama’a su sami abin ci da wurin kiwo. Baturen nan matafiyi, Kyaftin Clapperton, wanda ya zo Kano a 1824, ya rubuta cewa gidaje ba su ci fiye da rubu’in ƙasar da ke cikin ganuwa ba, saura duk gonaki ne da lambuna, ga kuma wata babbar fadama da ta kusa raba birnin biyu. Jakara ke nan ya gani.

Sa’an nan ga kududdufai. Ba don ruwa aka haƙa su ba. Ginin ƙasa a ke yi, ko wace unguwa kuwa tana da ramin da ta ke ɗibar ƙasar tubali da yaɓe, ganuwa kanta ta bar ramuka a gefenta. Amma da damina ta faɗi sai ramukan nan su zama masaukin ruwa. Indararo ya zubo a lungu, lungu ya miƙa wa kududdufi, in ya cika ya tumbatsa ya miƙa wa na gaba, har a kai Jakara a hankali. Abin da ya kwanta kuma ya riƙa nutsewa kaɗan kaɗan har cikin rani, rijiyoyin unguwa suna sha daga gare shi. Wannan muhimmi ne ƙwarai a Kano, gama ƙarƙashin birnin dutse ne, ruwan rijiya kuwa yana cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa da tsagoginsa, ba shi da wata uwa sai ruwan saman da ya nutse.

Akwai kuma hurumi, watau filin da gari ya keɓe don amfanin kowa, ba mai ikon nomawa ko ginawa, kamar makiyaya da maƙabarta da filin Idi da bakin rafi. Dagaci da mai unguwa su ne masu tsaronsa. Ko sunayen wurare sun isa shaida a kan irin zaman da aka yi: Kasuwar Rimi, Durumin Iya, Kurna, Rijiyar Lemo, Kwarin Gogau. Mai sunan itace ya san inuwa, mai sunan kwari kuwa an gargaɗe shi tun daga sunan.

Turawa da suka zo sun bar nasu filin, ko da ya ke ba don alherinmu ba. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa a bar yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da mazaunin ’yan ƙasa, wai don tsoron cizon sauro. Wariya ce, ba abin yabo ba. Amma dai ta bar fili mai shan ruwa, wanda yawancinsa yanzu gini ya cinye.

ABIN DA GIRMA YA CI

A ƙidayar 1952 mutanen Kano wajen 130,000 ne. A ta 1963 sun kusa 300,000. A ta 2006 ƙananan hukumomi takwas na birni da kewaye sun kusa miliyan uku, yau kuwa ana ƙiyasta sun haura miliyan huɗu. An yi wa birnin tsari na shekara ashirin, wanda Bature Trevallion ya shugabanci shirya shi, daga 1963 zuwa 1983, amma jama’a suka fi tsarin sauri. Duk mutumin da ya zo yana bukatar ɗaki, wannan kuwa hakkinsa ne, ba laifi ba. Laifin yana wajen inda aka ba shi.

Fili mafi araha a ko wane gari shi ne wanda ruwa ke kwanciya a cikinsa. Da fari a mai da kududdufi juji, shara ta cike gefensa, wani ya zuba burji ya kafa rumfa, bayan shekara biyu rumfa ta zama shago, shago ya zama bene. Da rani a ke ciniki, mai saye bai ga ruwa ba, mai sayarwa kuwa ba zai faɗa ba. Haka aka bi fadamu da gefen ganuwa da filayen makarantu. A cikin gida ma an bar daɓen ƙasa an koma siminti daga zaure har ƙuryar tsakar gida, an sare darbejiyar ƙofar gida don a sami wurin ajiye mota. Ko wane mai gida ya ɗaga dakalinsa ya fi na maƙwabcinsa, ya juya bututu waje, ruwa ya zama na wanda ya fi kowa talauci a ƙarshen layi.

A cikin watan Agusta na 2022 ruwa ya shiga Kantin Kwari, babbar kasuwar tufafi, ya ɓata atamfofi da shaddodi na kuɗi masu yawa, ’yan kasuwa da yawa kuma suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyoyin ruwa. Ga shi kuwa sunan kasuwar ya riga ya faɗi inda ta ke zaune.

Lambatun da mu ke da su ma ba mu bar su sun yi aikinsu ba. Ledar ruwan sha da robar lemo ba sa ruɓewa. Yashi daga titunan da ba kwalta ya kan cika kwalbati har ya rage ’yar kafa. In an yi yasa ranar Asabar ta ƙarshen wata, sau da yawa sai a tara dattin a bakin lambatu, ruwan farko ya mai da shi inda ya fito.

Jakara kanta an sāke mata kama. A zamanin mulkin Gwamna Rabi’u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, aka fara aikin zuba mata kankare da rufe ta, da shimfiɗa titi a kanta, wanda a ke kira titin Wuju-Wuju. Wanda ya taɓa zama kusa da warin Jakara, ko ya ga yaro ya faɗa cikinta, ba zai raina wannan aiki ba. Sai dai ya kamata mu san halin kankare: ba ya shan ruwa ko ɗigo, tura shi gaba ya ke yi da sauri, rufaffiyar magudana kuma ta fi buɗaɗɗiya wuyar yasa. Duk abin da aka kora daga cikin birni, mutanen gangare ne za su karɓe shi.

Abin mamaki, unguwar da ta yi iyo a Agusta ita ce ke bin ’yan garuwa a watan Maris. Rijiyoyin gida sun ƙafe, masu hali sun haƙa burtsatse, ko wace sabuwa ta fi ta jiya zurfi. Muna zuƙo ruwan ƙasa da inji, mun kuma toshe ƙofofin da ya ke bi ya koma. Ambaliya da ƙishirwa ’ya’yan uwa ɗaya ne.

LAIFIN KUDUDDUFI

Na san mai karatu zai ce, “Malam, kana yabon kududdufi, ka manta da sauro?” Ban manta ba. Kududdufin da aka mai da shi juji da masai gidan cuta ne. Sauro na hayayyafa a gefensa, katantanwar da ke ɗauke da tsargiya na zama a cikinsa, in kashi ya gauraya da shi ya kan kai kwalara rijiyoyi, yara kuma na nutsewa. Duba-gari na da ba su yi kuskure ba da suka yi ta faɗa da shi.

Amma a lura da abu biyu. Na ɗaya, ƙazantar ba daga ruwan sama ta fito ba, mu muka zuba ta. Na biyu, tsutsar sauro na bukatar wajen mako guda ko fiye a cikin ruwa kafin ta yi fiffike. Ramin da aka tsara shi yadda zai karɓi ruwa ya tsotse ko ya tsiyaye cikin kwana biyu ko uku ba ya fid da sauro. Babban kududdufi mai riƙe ruwa har rani kuwa magani gare shi: a hana zuba shara da bututun masai, a kewaye shi, a gyara gaɓarsa ta yi gangare mai sauƙi, a dasa jema ta riƙe ƙasa, a zuba kifi su cinye tsutsa, a yi masa mafita ta inda zai tumbatsa. Wanda ya cike rami saboda sauro bai rabu da ruwan ba, ya dai raba shi ne cikin ƙananan tabkuna ɗari a lunguna, inda sauro ya fi so.

ABIN DA WAƊANSU SUKA GWADA

Ba mu kaɗai muka yi wannan kuskure ba. A birnin Siyol na Koriya ta Kudu akwai rafi mai suna Cheonggyecheon, wanda ya ƙazantu kamar Jakara. Tun daga 1958 aka shiga rufe shi da kankare, daga baya aka ɗora babbar hanyar mota a sama. A 2003 suka rushe hanyar, suka buɗe rafin wajen kilomita shida, aka gama a 2005, ya zama wurin shan iska da hanyar ruwa in an yi ruwa mai yawa. Aikin ya ci kuɗi ainun, har ruwan da ke gudu a cikinsa da rani da inji a ke turo shi. Darasinsa gare mu shi ne buɗe abin da aka rufe ya fi barinsa a buɗe tsada nesa ba kusa ba.

A Singafo akwai wani lambatun kankare mai tsawon kilomita 2.7 a gefen lambun Bishan. Suka fasa shi suka mai da shi rafi mai lanƙwasa da gaɓa mai ciyawa, aka gama a 2012. Ran da ba ruwa yara na wasa a gaɓar, ran da aka yi ruwa gaɓar ta zama mazubi. Fili ɗaya, aiki biyu.

Ƙasar Sin kuwa, bayan ambaliyar Bejin ta 2012, ta fito da shirin da ta kira birni mai halin soso, watau birnin da zai sha ruwa ya riƙe, sa’an nan ya sake shi sannu. A 2015 aka zaɓi birane 16 don gwaji, a 2016 aka ƙara 14. Babban mai wannan ra’ayi, Farfesa Yu Kongjian, wanda ya rasu a 2025, ya sha faɗin cewa daga manoman ƙauyensu ya koyo shi, masu tare ruwa da kunya da tafki. Manoman ƙasar Tawa a Nijar masu haƙa tassa da rabin wata a kan fako za su gane maganarsa ba tafinta.

Amma kada a ɗauka soso ba ya cika. A watan Yuli na 2021 aka zuba ruwa fiye da milimita 200 cikin sa’a guda a birnin Zhengzhou, wanda shi ma ya rungumi shirin, mutum fiye da 300 suka mutu. Haka nan ba lambun da zai tare ɓallewar madatsa, irin ta Bagauda a 1988 ko ta Alau da ta cinye Maiduguri a watan Satumba na 2024. Wannan maganar kula da madatsu ce da gargaɗi a kan lokaci. Fili da itace maganin ruwan ko wace shekara ne, suna kuma rage wa manyan magudanu kaya a ranar babban ruwa. Da su da kankare tare za su yi aiki.

Kusa da mu kuma ga Yamai. Tun 1965 aka fara dasa mata ɗamarar itatuwa, yawancinsu darbejiya, wadda aka nufa ta kai kadada 2,500. Da birnin ya girma sai aka yi ta yankar ta ana fuloti. Dasawa ba ita ce mai wuya ba, tsarewa ce.

ABIN DA ZA MU IYA

Mai gida shi ne na fari. Ya sa wa rufinsa mazurari ya tara ruwa a tanki ko duro mai murfi, ya bar ruwan farko ya wanke ƙura ya zube tukuna. Abin da ya ragu ya bi da shi cikin rami mai zurfin gaba guda da aka cika da duwatsu da tsakuwa, nesa da gindin bango da kamar mita biyar, musamman ginin ƙasa, nesa kuma da masai. Ruwan rufi kaɗai za a sa a ciki, ban da na wanka da wanke-wanke. In ƙasar wurin yumɓu ce mai riƙe ruwa, ko rijiya na cika har baki da damina, ramin ba zai yi ba, sai tanki. Kada ya shafe tsakar gida duka da siminti. Ya bar ko da rubu’i, ya dasa mangwaro ko lemo ko zogale.

Unguwa kuma ta san ramukanta da hanyoyin ruwanta. Mai unguwa da limami da dattawa su zauna su lissafta su tun tsofaffin da suka san wurin suna da rai, su kai wa hakimi da hukumar tsara birni a rubuce. Yasar lambatu a yi ta da gayya a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, gama ba a fafe gora ranar tafiya, a kuma kwashe abin da aka yaso a ranar. Itatuwan bakin titi a zaɓi masu jure fari, irin su darbejiya da maɗaci da tsamiya da marke, a bar musu ƙasa a gindi maimakon a shaƙe su da kankare, a yi gindin ya ɗan faɗa ƙasa da titi yadda ruwa zai gangaro ya shiga. Ko wane dashe a damƙa shi ga gida ɗaya, da kariyar awaki, har ya yi rani biyu.

Hukuma ce ke da babban kaso, domin dokar ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun Gwamna, amana ga jama’a. Abin da ya fi gaggawa shi ne a auna sauran kududdufai da fadamu da ke raye, a sa su a taswira, a kafa musu duwatsun iyaka, a buga sunayensu kowa ya sani, a mai da su hurumi da doka. A sababbin unguwanni kuwa safiyo ya fara fid da hanyar ruwa da masaukinsa kafin ya yanka fuloti ko ɗaya, tun ran gini tun ran zane. Mai neman izinin gina babbar kasuwa ko rukunin gidaje a tambaye shi inda ruwan rufinsa zai kwana. Rusau ba ya maye gurbin wannan. Mun ga yadda rushe shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata a 2023 ya jawo asara da shari’a. Hana aza tubalin fari ya fi rushe bene sauƙi ga kowa. Talakan da ya riga ya zauna a kwari kuwa, in ta kama a tashe shi, a ba shi wani wuri tukuna, domin ba da son ransa ya zaɓi kwari ba. Gargaɗin da hukumar duba yanayi da ta kula da koguna ke bayarwa a farkon ko wace shekara a fassara shi da Hausa, ya kai ga masu unguwanni.

RABON MAKARANTA

Na bar namu daga ƙarshe. A yawancin unguwannin da suka cika, filin makaranta shi ne buɗaɗɗen wuri na ƙarshe da ya rage. Filin ƙwallo mai mita 100 da mita 70, in aka sassabe shi ya faɗa ƙasa da azuzuwa da santimita 30, ƙafa guda ke nan, zai ɗauki lita 2,100,000. A ranar ruwan inci biyu nasa rabon lita 350,000 ne, saura ya isa ya karɓi ruwan rufin gida 350 irin wanda muka lissafta. In ƙasar mai yashi ce, ko an yi masa ’yar mafita, bayan kwana ɗaya ko biyu yara sun koma ƙwallonsu. Lalle sai injiniya ya duba, kuma ruwan kwata ba zai shiga ba. To, duk hedimasta ko kwamitin iyaye da aka zo musu da maganar yanka gefen fili a yi shaguna don makaranta ta sami kuɗin shiga, su yi wannan lissafi kafin su sa hannu.

Ga kuma darasi da na kan sa ɗalibaina su yi, wanda ba ya cin ko kwabo. A sami gwangwanin madara uku a fasa gindinsu. A kafa ɗaya a gindin itace inda ganye ya ruɓe, ɗaya a tsakiyar fili inda ƙafa ta daddaɓe, ɗaya a bisa siminti a liƙe gefensa da laka. A zuba musu ruwa daidai wa daida, yara su riƙe agogo. Na gindin itace zai shanye tun ana kallo, na fili ya daɗe, na siminti kuwa har a tashi yana nan. Sa’an nan a kafa wani gwangwani mai miƙaƙƙen jiki a sarari, ko wace safiya yaro ya sa rula ya auna ruwan jiya ya rubuta a allo, ’yan aji shida su lissafta jarka nawa rufin ajinsu ya zubar. A ƙarshe a aike su gida su tambayi kakanninsu inda kududdufan unguwa su ke a da, su zana taswira. Yaron da ya yi wannan, in ya girma ya zama safiyo ko kansila ko mai unguwa, da wuya a sayar masa da kwari da sunan tudu.

Makarantar da na ba da labarinta ba za ta sami kududdufinta ba kuma, gama azuzuwa na kansa. Amma akwai sauran fili a bayanta. Da muka zagaya da tsohon nan ya nuna mini inda ruwa ke shigowa da inda ya ke fita a da, ba taswira a hannunsa, bai kuwa yi kuskure ba, don sawun ruwan na nan a jikin katanga. Na rubuta abin da ya faɗa na haɗa da rahotona. Irinsa suna nan a ko wace unguwa, ba su da yawa, kuma ba ƙuruciya su ke ƙarawa ba. Ya kamata a tambaye su tun bana, kafin hadarin gabas ya haɗo.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu daga sharrinta, amin.